Takalmin keken tsere: da me ake gane ya gama aiki?

Mai Gudun Asuba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Tambayata a kan takalmin keken titi ce, irin mai taurin ƙasa da ake ɗaura wa kilit mai noti uku, wato ɗan farantin da ke maƙale takalmi a jikin feda.

Nawa ya doshi shekara uku a ƙafata. Kusan kullum da shi nake fita da sassafe kafin aiki, ranar hutu kuma in yi doguwar tafiya. Ƙasansa kabon ne (carbon fibre, abu mai tauri marar nauyi), a sama akwai maɓalli mai murɗawa guda ɗaya, sai maɗaurin Velcro wajen yatsu. Ga halin da yake ciki yanzu. Robar dunduniyar ƙafar hagu ta cinye har kabon ya fara taɓa kwalta, ta dama kuwa da sauranta. Yadin da ke cikin dunduniya ya huje, soson ciki yana leƙowa. Velcro ɗin ya daina kamawa sosai, in na miƙe a kan feda wajen hawan tudu sai in ji ya saki. Abin da ya fi damuna wata ƙara ce, ƙiƙ-ƙiƙ, da take fitowa daga ƙafar hagu duk lokacin da na danna da ƙarfi. Ga ƙasan kuma duk ya kakkarce, wasu wuraren har sun yi fari.

Wani abokin hawana ya ce in jefar, wai takalmin motsa jiki ba ya wuce kilomita 800. Wani kuma ya rantse nasa ya haura shekara goma bai ga abin da ya same shi ba. To wa zan bi? Da shekaru ake lissafi ko da kilomita? Kuma da gaske ne kabon yana laushi in ya daɗe, ko kuwa zancen masu son a sayi sabo ne? Ba na son in sayi wani alhali wannan yana da sauran rai, ba na kuma son ya ba ni kunya a tsakiyar gangara.

Tsohon Mahayi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka na farko ya ɗauko lissafin wani wuri ya kawo nan. Wannan kilomita 500 zuwa 800 da ake yawan faɗa, na takalmin masu gudu da ƙafa ne. Shi wancan yana da soso mai kauri a tsakiyar ƙasansa, duk taku sai nauyin mutum ya dira a kansa, a hankali soson ya kwanta ya daina tasowa. Takalminka ba shi da wannan soson, kuma ƙafarka ba ta dukan ƙasa. In kana juya feda sau 85 a minti, ka juya sau 5,100 ke nan a awa guda, amma duk dannawa ce a kan abu mai tauri da aka yi shi don ya sha dannawa. Hawa ba ya cin takalmin keke wani abin kirki. Abin da ke cin sa tafiya a ƙasa ne, da barin sa a jiƙe, da zafi.

Don haka ni ba na tambayar shekarun takalmi. Gunduwa-gunduwa nake duba shi, domin kowane sashe da nasa ajalin, kuma mafi yawan abin da ka lissafa ƙananan sassa ne masu saurin mutuwa.

Ɗauki dunduniyar nan. Ko ba ka faɗa ba na san da hagu kake sauka in ka tsaya a danja, shi ya sa ta hagu ta riga ta dama. Kowa haka yake, ƙafar da yake cirewa ita ke shan wahala. Juya takalmin ka duba ko robar da ɗan sukuru aka kama ta, wani lokaci kan sukurun yana ciki, sai ka ɗaga shimfiɗar ciki za ka gan shi. In akwai, ana sayar da robar daban, minti kaɗan ka canja. Kamfanin Sidi na Italiya da wannan ya yi suna, dunduniya da maɗauri duk ana kwancewa a sa sabo, kuma yanzu wasu kamfanonin ma suna yi a manyan takalmansu. In kuwa manne ta aka yi, kai wa mai gyaran takalmi ya yanko roba mai tauri ya manna. Amma kada ka yi jinkiri. Roba abin canjawa ce, kabon da kwalta ta goge kuwa ba ya dawowa.

Bari in ɗan kauce, don ka ga inda matsalar ta samo asali. Da can da madauri ake ɗaure ƙafa a jikin feda. Kamfanin Look na Faransa ya fito da tasa fedar mai kama kilit a 1984, ya ɗauko dabarar daga maƙalar takalmin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da ɗan tseren Faransa Bernard Hinault ya ci babbar gasar keke ta Tour de France da ita a 1985, sai kowa ya bi. Tsarin noti uku da ke ƙasan takalminka daga nan ya fito. 'Yan tsere aka yi wa shi, mutanen da daga mota sai kan keke, daga keke sai mota. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin mai shiga kanti ko mai hawa matakalar bene da shi. Kilit ɗin a waje yake tsirara, yatsu a sama dunduniya a ƙasa, kowane taku roba biyu ne kawai ke ɗaukar nauyinka. Wanda hawansa ya ƙunshi yawan tafiya a ƙasa, tsarin SPD mai noti biyu da Shimano ya kawo a 1990 ya fi masa, don shi kilit ɗinsa ƙarfe ne kuma a nutse yake cikin ƙasan takalmi. Na san masu keken titi da yawa suna ganin kamar faɗuwa ce a gan su da shi. Ni dai ban ga faɗuwar ba.

Sai batun laushi. A iya abin da na gani, ƙasan kabon ba ya saki a hankali yadda ƙafa za ta ji. Yana nan da taurinsa har ranar da zai tsage ko ya rabu da saman takalmin. Amma masu cewa tsohon takalminsu ya yi laushi ba ƙarya suke yi ba, wurin da suke ɗora laifin ne ba daidai ba. Saman ne ya buɗe, shimfiɗar ciki kuma ta baje, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, in ka ja feda sama ka ji kamar akwai ɗan jinkiri. Sa sabuwar shimfiɗa ka gani. Sau da yawa mutum yakan ji kamar an ba shi wani takalmin.

Karcen da kake gani a ƙasa, galibi fentin sama ne mai ƙyalli ya kankare. Ba ya hana komai, ko da yake na san yana ɓata rai in ka tuna yadda yake ranar da ka fito da shi daga kwali.

Hujin cikin dunduniya kuwa, abu biyu ke kawo shi. Ko dai dunduniyarka tana ɗan zamewa sama da ƙasa in kana hawa, ko kuma kana cusa ƙafa ba ka kwance maɓallin gaba ɗaya ba, wajen cirewa kuma ka taka bayan ɗaya da ɗaya ka fizge. Wannan na biyun shi ke karya ƙoƙon dunduniya, kuma ƙoƙon in ya karye ba mai gyara shi. Yadin dai ana faci, ɗan guntun fata mai laushi ya isa. Velcro ma ba abin tada hankali ba ne. Ɗauki allura ko tsohon buroshin haƙori ka tsince zaren safa da ciyawar da suka cika ɓangaren mai ƙaya. In ɓangaren mai gashi ne ya sule, mai ɗinki zai farke ya sa wani.

Ni abin da ke sa in ce takalmi ya mutu bai fi wannan ba: ƙasa ta tsage, ko ta ɓamɓare daga saman a wuri mai faɗi, ko ramin noti ya lalace ba ya canjuwa, ko kuma saman ya buɗe har ka murɗa maɓalli ya kai ƙarshe ƙafa tana motsi. Ban ji ko ɗaya a cikin bayaninka ba, sai dai ƙarar nan, ita kuma na bar wa masu alanki.

Sarƙa Da Giris:

Yallaɓai Tsohon Mahayi ya gama magana a kan yawanci, ni ƙarar zan kama, don ita ake yawan kawo mini a wurin aiki.

Malam, kafin ka zargi kabon, ka zargi kilit. Ƙiƙ-ƙiƙ daga ƙafa ɗaya, kuma ƙafar da kake sauka da ita, kusan kullum tsakanin kilit da feda ne ko tsakanin kilit da ƙasan takalmi. Yashi yana shiga ƙarƙashin kilit ya zauna, noti ya ɗan saki, duk dannawa sai su goga juna. Gwaji mafi sauƙi: ari takalmin wani mai irin fedarka ka ɗan zaga. In ƙarar ta ɓace, a takalminka take. In tana nan, ka koma kan feda ko hannun feda.

In ka tashi kwancewa, fara zagaye gefen kilit ɗin da alƙalamin maka mai launin da zai fito a kan baƙi, ko ka manna tef a gefensa, don ka mayar daidai inda yake. Kwance noti ukun, goge ƙasan takalmin da bayan kilit tas, shafa ɗan giris a tiredin kowane noti, wato zanen murɗinsa, sannan ka ɗaure bi da bi, kada ka ƙarasa ɗaya ka bar sauran. Shimano ya rubuta 5 zuwa 6 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ga notin kilit ɗinsa na SPD-SL, wato tsarinsa mai noti uku. Ba wani ƙarfi ba ne, ƙaramin alanki a hannu ya wadatar. Masu ɗora jiki a kai su ne ke cinye tiredin da ke cikin takalmin.

Nan ne zan ɗan saɓa wa Yallaɓai. Ya sa tafiya a ƙasa a gaba, ni kuwa a takalman da na ga sun mutu murus, gumi ya fi kwalta kisa. Kwalta tana cin abin da ake canjawa ne, roba da kilit. Gumi kuwa gishiri ne, yana bi ta shimfiɗar ciki ya sauka kan ƙarafan da noti ke shiga, su yi tsatsa shiru ba wanda ya sani. Sai ranar canjin kilit noti ya ƙi motsi, ko ya riƙa juyawa tare da uwarsa. A wasu takalman akwai ɗan murfi ƙarƙashin shimfiɗa da za ka buɗe ka canja ƙarfen, a wasu kuwa a rufe yake ruf. Masu hawa a ɗaki a kan na'urar atisaye sun fi kowa gamuwa da wannan, don babu iskar da ke busar da ƙafa, gumi na zuba kamar famfo, a gama a jefa takalmin cikin jaka. Ka riƙa kwance notin nan lokaci-lokaci kana sabunta giris ko da kilit bai cinye ba.

Game da laushi ma, maganarsa a kan kabon gaskiya ce, amma mai ƙasan nailan ya sani nasa dama yana ɗan lanƙwasa tun yana sabo, ba tsufa ba ne. Nailan kuma ya fi jure karo da dutse da bakin matakala.

In za ka sayi sabon kilit, kula da launi. A SPD-SL, rawaya tana ba ƙafa damar juyawa digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa babu motsi sam. A Look Keo kuma ja shi ne mai digiri 9, toka-toka 4.5, baƙi babu motsi. Ka ga ja a nan da ja a can kishiyoyi ne. Na sha ganin wanda ya sauya feda ya sayi launin da ya saba, gwiwa ta fara ciwo yana neman dalili. Dukansu suna hawa takalmi mai rami uku, amma kilit ɗin wannan ba ya shiga fedar wancan.

Maɓallinka ba ka yi kuka da shi ba, madalla. Ga masu karatu dai: in maɓallin na kamfanin BOA ne, kamfanin yana ba da garanti a kan maɓallin da igiyarsa muddin takalmin yana raye, a shafinsu ake neman kayan canji. Kada a jefar da takalmi don igiya ta tsinke.

'Yar Feda:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne ƙafar kanta. Takalmina na baya babu abin da ya same shi, har yau in ka gan shi sai ka ce a sayar maka, amma na ajiye shi don ƙafata ce ta canja. Ƙafa tana ƙara faɗi da shekaru, mu mata kuma bayan haihuwa sau da yawa ba ta komawa yadda take. Sai na fara jin yatsuna suna mutuwa in tafiya ta yi nisa, da wani zafi a ƙarƙashin tushen yatsu. Ƙasan kabon ba ya sassauta wa kowa, in ƙafa ta fi shi faɗi to ta fi shi. Malam Mai Gudun Asuba, ka lura da wannan ma, musamman a ƙarshen doguwar tafiya lokacin da ƙafa ta kumbura.

Wajen busarwa kuma, ga yadda nake yi. Da na dawo sai in buɗe maɓalli gaba ɗaya, in zare shimfiɗar ciki in ajiye ta gefe, in ruwa ya dake ni in cusa tsohuwar jarida, in ta jiƙe in canja wata. A inuwa, inda iska ke bi. Ban da kusa da wuta, ban da na'urar busar da gashi, ban da barin sa a but ɗin mota cikin rana. Gam ne ya haɗa sama da ƙasa, zafi kuma shi ne maƙiyin gam. Injin wanki ma ba na yarda da shi, tsumma da ruwan sabulu kaɗan sun isa, ko da farin takalmi ne.

Akwai murfin roba da ake sa wa kilit in za a taka ƙasa, yana shiga aljihun riga. Yana da amfani, in dai mutum zai tuna ya sa, wanda ni kam rabi da rabi ne.

Kuma kada wani ya ce zai sayi biyu ya ɓoye ɗaya na shekaru. Gam da wasu robobin, musamman irin polyurethane, suna ruɓewa a ajiye in akwai danshi, ko ba a taɓa sa takalmin ba. In biyu gare ka, ka riƙa juya su, ɗaya yana bushewa kana hawa da ɗaya.

Mai Gudun Asuba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya da daddare na kwance kilit ɗin hagu kamar yadda Oga Sarƙa ya ce. Yashin da na tarar a ƙarƙashinsa ya ba ni mamaki, ya ma zana siffar kilit ɗin a jikin kabon. Noti ɗaya, na baya ta ciki, ya yi ja da tsatsa, sai da na ɗiga masa mai na bar shi ya sha kafin ya yarda ya fito. Bakin kilit ɗin na gaba, wanda ke shiga feda, ya sirance sosai in an gwada shi da na dama, don haka na sa sabbi duka biyun. Yau da safe babu ƙara ko a kan tudu.

Dunduniyar ba ta da sukuru, Baba Tsohon Mahayi, na duba ciki da waje. Zan kai a manna roba, a yi facin ciki gaba ɗaya. Hajiya, faɗin dai har yanzu yana yi mini daidai, amma shimfiɗar ciki ta baje kamar yadda aka ce, har ta ɗauki hoton yatsuna.

Saura abu ɗaya. Da na wanke ƙasan sai na ga wani farin layi siriri, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, ya taso daga kusa da ramin notin gaba ya nufi gefe. Sauran karcen duk tsaye suke daga gaba zuwa baya, shi wannan a gicciye yake. Karce ne shi ma, ko in fara neman wani takalmin?

Sarƙa Da Giris:

Wannan kam sai an duba da kyau, don wurin da yake da yadda ya gicciye ba su kwanta mini ba. Karcen tafiya yakan bi tsawon takalmi. Layin da ya taso daga ramin noti ya nufi gefe, nan ne daidai inda ƙarfin dannawa ke taruwa. Amma kuma gefen kilit ma yakan bar irin wannan zanen in ya daɗe a wuri ɗaya da yashi a ƙarƙashinsa.

Sake cire kilit ɗin. Haska wurin da tocila daga gefe, ka bi layin da farce. Sannan ka riƙe yatsun takalmin da hannu ɗaya, dunduniya da ɗaya, ka lanƙwasa da ƙarfi, ka kuma murɗa, idonka a kan layin. In fenti ne, ba zai motsa ba. In ya buɗe baki ko da kaɗan, ko ka ji ƙaramar ƙara kamar ana taka busasshen ganye, tsagewa ce. Ƙwanƙwasa wurin da kan alanki, ka ƙwanƙwasa daidai wurin a takalmin dama, ka saurara: lafiyayyen kabon yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu a ciki kuwa sautinsa a dushe yake. Ɗaga shimfiɗar ciki ma ka duba ko layin ya ratso ta sama.

In duk bai nuna komai ba, ɗiga alama da alƙalamin maka a ƙarshen layin ta kowane gefe, ka ci gaba da hawa, bayan mako biyu ka duba ko ya wuce alamar. In ya wuce, ka daina miƙewa a kan feda da shi tun daga ranar, kuma kada ka bari kowa ya ce zai toshe maka da gam, a wurin noti ba ya riƙewa. Ka ɗora mana hotonsa kafin ka mayar da kilit ɗin, ɗaya daga sama, ɗaya kana lanƙwasa shi.